Tsakanin Takunkumi da Amawali: Abin da Na Gani a Lungunan Yakasai

Ranar wata Asabar cikin hunturun bana na sauka daga Adaidaita Sahu a bakin Kasuwar Rimi, na kutsa cikin Yakasai da ƙafa domin in gaida Hajiyarmu, kamar yadda na saba duk ƙarshen mako. Hazo ya sauko ƙwarai, har mutum na iya duban rana ba tare da ya ƙifta ido ba. Abin da ya ɗauki hankalina a hanyar shi ne fuskokin samari. Direban da ya kawo ni yana sanye da baƙin takunkumi. Yaron da ke tura baro cike da buhunan albasa ya ɗaure hanci da baki da ƙyalle. A bakin wani shagon cajin waya na ƙirga samari biyar, uku daga cikinsu fuska a rufe, suna ta hirar ƙwallo abinsu. Babu ɗan sanda a kusa, babu kotun tafi-da-gidanka, babu sanarwa a rediyo. Ƙura ce ta ba da umarni, kuma kowa ya bi ba gardama.

Nan take zuciyata ta koma shekarar 2020, lokacin da hukuma ta yi lallashi, ta yi barazana, ta ci tara, duk don waɗannan samari su rufe wannan hancin da wannan bakin, amma abin ya faskara. Me ya sa wanda ya yi wa ƙura biyayya ya ƙi yi wa annoba? Wannan tambaya na riƙe har na isa gida, ita ce kuma nake so mu tattauna da mai karatu a wannan mako.

Wanda bai san Yakasai ba zai yi wuya ya fahimci abin da aka nema daga mutanenta a waccan shekara. Unguwa ce daga tsofaffin unguwannin cikin ganuwa, ba ta da nisa da Gidan Rumfa, kuma tafiyar ƙafa kaɗan ce daga cikinta zuwa Asibitin Murtala da marinar Ƙofar Mata. Masana tarihi da dama suna danganta kafuwarta da mutanen Kwararrafa da suka zauna a birnin ƙarnoni da suka wuce. Akwai lungunan da idan mai babur ya shigo sai mai tafiya ya manne da bango. Gida ɗaya yakan haɗa kaka da ’ya’ya da jikoki, a sha ruwa a randa ɗaya, a ci tuwo a kwano ɗaya. Daga zaure zuwa dakali, daga dakali zuwa masallaci, rayuwa gaba ɗayanta kafaɗa da kafaɗa ake yin ta. A irin wannan wuri ne aka zo aka ce kowa ya bar tazarar mita biyu tsakaninsa da ɗan’uwansa. Tun da lungun kansa da ƙyar ya kai faɗin da ake nema, abin da ya rage wa mai son kariya shi ne wanke hannu da ɗan ƙyallen nan na fuska.

Bari mu tuna yadda kwanakin suka jeru. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Nijeriya, a Legas. Ranar 11 ga Afrilu aka samu na farko a Kano. Daren 16 ga watan dokar kulle ta gwamnatin jiha ta fara aiki, sannan ranar 27 Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin rufe Kano na mako biyu. A cikin wannan hali azumi ya kama, ga zafin bazara da ke kai maki 40 a ma’auni. A makonnin ne masu haƙar kabari suka fara cewa aiki ya fi ƙarfinsu, yayin da cibiyar gwajin cutar da ke Kano ta dakatar da aiki na wasu kwanaki. Da fari hukumomin jiha sun danganta mace-macen da zazzaɓin cizon sauro da hawan jini da ciwon suga da sanƙarau. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa binciken da aka yi ya ƙirga mutum 979 da suka rasu, kuma ana ganin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari korona ce sanadinsu. Mafi yawansu dattawa ne.

A farkon Mayu aka sassauta dokar, aka ce a fita Litinin da Alhamis daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Duk wanda ya shiga Rimi a ɗaya daga waɗannan ranaku ba zai manta ba: cefanen mako guda na birni guda aka matse cikin sa’a shida, ko allura aka jefa ba za ta taɓa ƙasa ba. A nan na fara ganin takunkumin Yakasai. Teloli, waɗanda kulle ya raba da ɗinkin sallah, kakarsu ta shekara, suka koma kan ragowar ƙyallayen atamfa da shadda suna ɗinka abin rufe fuska, yara na yawo da su a faranti. Ɗinki tsohuwar sana’a ce a unguwar. Shi kansa dattijo Alhaji Tanko Yakasai da keken ɗinki ya fara neman abinci kafin siyasar NEPU ta ɗauke shi. Saboda haka takunkumi bai yi wuyar samu ba, bai kuma yi tsadar da zai gagari saurayi ba. Amma in ka duba da kyau, sai ka ga rabinsu a haɓa suke rataye, wasu a kunne ɗaya, wasu a aljihu.

A wannan Asabar ɗin, bayan na gaida Hajiya, na fito na zauna a dakali tare da ɗan yayana da abokansa, waɗanda a 2020 suke ’yan shekara ashirin da ’yan kai. Na tambaye su abin da ya dame ni. Ɗayansu ya yi dariya ya ce, “Baffa, ai a lokacin takardar wucewa ce. In za ka shiga banki ko ka hango shinge, sai ka ɗaga. Mu huɗu mun taɓa shiga banki da guda ɗaya, wanda ya fito ya miƙa wa na baya.” Wani ya ce su a ganinsu cutar masu fasfo ce, ta waɗanda ke hawa jirgi, domin sunayen da suka fara ji a rediyo duk na manya ne. Na ukun ya ce, “An ce mu zauna a gida, ba a ce ga abin da za mu ci ba. Wanda bai tambaye ka ko ka yi sahur ba, shi ne zai damu da numfashinka?”

Wannan magana ta ƙarshe tana da tushe mai zurfi a Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Asibitin Zana. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Daga 2003 zuwa 2004 kuma jihar ta dakatar da rigakafin shan-inna saboda zargin da ya bazu. Samarin da ke zaune tare da ni ba su yi wayo ba a lokacin, wasu ma ba a haife su ba, amma da labarin aka yaye su. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Duk da haka, rashin yarda da hukuma bai isa ya bayyana abin duka ba, domin na ga samarin da suka yarda akwai cutar, suka binne makwabta da hannunsu, amma suka kasa riƙe takunkumin. Ni kaina ina cikinsu, ko da yake na wuce samartaka.

Cikin azumin nan yayan mahaifinmu ya rasu bayan zazzaɓi da tari na kwana biyar. Ba a gwada shi ba. Na tako da ƙafa ta Ƙofar Nasarawa na zo jana’iza da takunkumina, na tsaya a sahu da shi, na raka shi makwancinsa da shi. Da muka dawo zaure aka zauna karɓar gaisuwa, dattawan unguwa suka jeru a kan tabarmi, babu ko ɗaya da ya rufe fuska. Na durƙusa gaban wani aminin marigayin, tsoho mai kusan shekara tamanin. Ya kama hannuna, ya dube ni, ya ce, “Wane ne wannan? Buɗe in gan ka mana, ɗana. Ko ƙyamarmu kake yi?” Ban san sa’ad da hannuna ya janye ƙyallen ba. Na zauna cikinsu har la’asar fuska a buɗe, ni da na fito daga wata unguwa, na ratsa mutane iri-iri a hanya. Makonni biyu da suka biyo baya, duk sallamar da na ji a waya sai gabana ya faɗi.

Abin da likitoci suka yi ta bayani shi ne, cutar tana bin ɗigon yawu da tururin numfashi, kuma matashi na iya ɗauke da ita kwanaki ba tare da ko ciwon kai ba, ya kai wa tsoho ita har ɗaki. Amfanin takunkumin ƙyalle mafi girma shi ne tare abin da ke fita daga bakin mai sanye da shi, wato ya fi kare na gabanka a kan kai kanka. In haka ne, wurin da ya fi cancanta a sa shi a Yakasai shi ne zaure da ɗakin kaka. Can ne kuwa daidai inda tarbiyyarmu ta ce a cire. Saurayi zai ɗaga shi a gaban ɗan sanda, wanda ba ruwansa da shi, ya sauke a gaban kakarsa, wadda ita ce cutar ke nema. Ladabi ne ya sa shi haka.

Mu mutane ne masu karanta fuska. Mun ce labarin zuciya a tambayi fuska, mun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Yaron da ya gaida babba fuska a rufe ya rage wa gaisuwar rabi. Ban da haka, a lungu da dare, wanda ya rufe fuska ba a yi masa zaton alheri. Sai kuma sunan da aka laƙaba wa abin. Kafin 2020, in aka ce takunkumi, abin da ke zuwa zuciyar Bahaushe shi ne bakin jaki, ko na raƙumi, ko na kurar da gardi ke yawo da ita kasuwa-kasuwa; in kuwa a labaran duniya ne, hukuncin da ake ƙaƙaba wa ƙasar da ta yi laifi. Ɗan yayana ya tuna mini ranar da ya fara shiga wurin Hajiya da nasa. Ta dube shi sama da ƙasa, irin wasan kaka da jika, ta ce, “Kai maigidan, wa ka ciza aka ɗaure maka baki?” Gidan ya kwashe da dariya. Ya ce daga ranar bai sake shiga da shi ba.

Abin mamaki, rufe fuska ba baƙo ba ne a birnin nan. Daga dakalin da muke zaune, tafiyar mintoci ce zuwa fada, inda sarki da hakimai ke jan amawali su rufe baki, kuma ba wanda ya taɓa ganin haka a matsayin ƙasƙanci. Alamar girma ce da kamun kai. Amarya da lulluɓi ake kai ta. Mata da yawa suna sa niƙabi. Buzaye kuwa, da muke cuɗanya da su tun zamanin fatake, namijinsu yakan ƙara jan rawaninsa sama ya rufe hanci idan ya zo gaban dattijo ko suruki, domin a wurinsu buɗe baki gaban babba shi ne rashin kunya. Baƙin turkuɗin da suke naɗawa ma a ƙasar Kano ake rina shi, garin Kura ya yi suna a kansa, kuma Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya yi mamakin nisan da tufafin birnin ke kaiwa. Wato mun shekara ɗaruruwa muna sayar wa Sahara abin rufe fuska na mutunci, amma da tamu buƙatar ta zo, sai muka ɗauko sunan abin bakin jaki muka ba shi.

Na ba samarin labarin takwarorinsu na Koriya ta Kudu, domin a can al’amarin ya bi wata hanya dabam. Tun kafin korona matasan birnin Seoul sun saba rufe fuska a lokacin da ƙura mai laushi ke turnuƙe sararinsu, kamar dai hunturunmu. A 2015 wata cutar numfashi da ake kira MERS ta kama mutum 186 a ƙasar, ta kashe 38, abin ya zauna musu a rai. Da korona ta zo aka yi ƙarancin takunkumi, sai gwamnati ta tsara rabo a watan Maris na 2020: kowa na da ranarsa a mako gwargwadon lambar ƙarshe ta shekarar haihuwarsa, ya je kantin magani ya sayi guda biyu. Ranar 30 ga Janairun 2023 aka janye dokar sa shi a yawancin wuraren da ke rufe, amma ’yan jarida suka tarar da tituna da shaguna cike da matasa fuska a rufe. Wasu sun ce sabo ne. Wasu sun ce sun huta da idon masu auna kyan fuska. Da yawa kuma sun ce ba sa son su zama su kaɗai ne suka buɗe a cikin taro. Suna da wata kalma, nunci, wadda ke nufin iya karanta yanayin mutane da kauce wa abin da zai sosa musu rai. Ta yi kusa da abin da muke kira kara.

Ɗan yayana ya ce, “To Baffa, ai su ma kunyar mutane ce ta sa su, ba tsoron cutar kaɗai ba.” Na ce masa ya faɗi gaskiya, kuma a nan ne na samu amsar tambayata. Saurayin Seoul da saurayin Yakasai ubangida ɗaya suka yi wa biyayya, wato idon jama’a. A can idon ya ce wanda ya buɗe fuska bai damu da mutane ba, sai kowa ya rufe. A nan idon ya ce wanda ya rufe fuska yana ƙyamar mutane, sai kowa ya buɗe. Ƙurar hunturu kuwa ba ta jawo wa kowa zargi: wanda ya rufe hanci dominta bai ce kowa na da cuta ba, bai nuna ya fi kowa sanin ciwon kansa ba, bai kuma bi umarnin wanda bai yarda da shi ba. Shi ya sa ake sa shi cikin kwanciyar hankali.

Idan haka ne, kuskuren da aka yi a 2020 shi ne an aika saƙon ta hannun da bai dace ba. An tura shi ta shingen jami’an tsaro da kotun tafi-da-gidanka, har a Janairun 2021 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin da zai iya kai wata shida. Tara na iya sa yaro ya rufe fuska a titi, amma ba ta da iko a zaure. Mai iko a zaure shi ne tsohon nan da ya kama hannuna. Da shi ne ya ce, “Bar shi a fuskarka, ɗana, ka kyauta,” da na zauna da shi har magariba, da kuma duk yaron da ke wurin ya koyi cewa wannan ma wani nau’in ladabi ne. Ba na mantawa da cewa akwai limamai da masu unguwanni da malaman asibiti da suka yi iya ƙoƙarinsu, wasu har suka rasa rayukansu. Sai dai maganar da ta fi yawa a kunnen samari ita ce “doka ta ce”, alhali wadda za ta ratsa su ita ce “saboda Hajiya”.

Ba tarihi kawai nake tonowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da ƙarshen matakin gaggawa na korona ranar 5 ga Mayun 2023, amma a wannan shekarar ce mashaƙo, wadda ita ma numfashi take bi, ta addabi Nijeriya, kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. Sanƙarau na leƙo mu duk bazara, tarin fuka bai taɓa barinmu ba. Kakanninmu sun ga marisuwa a 1918, mu mun ga korona, na bayanmu ma za su ga tasu. Kafin ranar ta zo, ya kamata masu ruwa da tsaki su zauna da fada da limamai da masu unguwanni da iyaye mata, a fara da dattawa kafin a je ga samari. Ya kamata kuma gidajen rediyo da mu masu rubutu mu sake wa abin suna. Harshen da ya san amawali da lulluɓi ba zai rasa kalmar da ta fi takunkumi mutunci ba.

Da na tashi tafiya na koma ciki yi wa Hajiya sallama. Ina zaune sai ga ƙanin ɗan yayan nawa, ɗalibi a makarantar koyon aikin jinya, ya yi sallama ya durƙusa daga bakin ƙofa, fuskarsa a rufe. Hajiya ta ce ya ƙaraso. Ya ce, “Hajiya, mura nake yi, kada in shafa miki. Daga nan ma na gaishe ki.” Na zuba ido in ji irin tsiyar da za ta yi masa. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, “To, Allah Ya yi maka albarka. A dafa maka citta da kanumfari.” Ta juyo gare ni ta ce, “Ka ga wannan ya fi ku hankali.”

Na fito ta lungun da na shigo, hazo bai washe ba, ana kiran la’asar daga masallatai uku a lokaci guda. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a waccan shekara, Ya kare mu daga annoba, ta fili da ta ɓoye.